Hatimin Tambari a Kan Likkafani

Kalgo, 24 ga watan azumi, 1343

Zuwa ga Huseina 'yar malam, a Gwandu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya Baba Malam da ciwon ƙafarsa? Yaya Inna, yaya azumi da wannan zafi? Ni dai ƙalau nake, in ban da kunun da nake damawa da kaina, wanda jiya akuyar maƙwabta ta shinshina ta wuce abinta.

Mamman mai jakuna ya kawo mani takardarki. Kin tambayi aiki. 'Yar malam, aiki ya yi mani yawa har ina neman wurin ɓuya. Kin tuna dariyar da aka yi mana bara, da na fara sassaƙa danƙo ina manna shi a guntun itace, ina dangwala tawada ina buga wa takarda? Masu cewa wasan yara ne, su ne yau ke cika rumfata. Kowa yana son takardar barka da sallah mai ado, kowa yana son 'yar takardar da za a ɗaura wa ƙunshin kyautarsa, da sunansa da hatimin gidansa. Wanda bai iya karatu ba ma, da ya ga alamar ya san daga inda kaya suka fito.

Danƙon da na samo wurin Nufawa a Jega ya fi na da. Na turara shi da hayaƙi ya yi tauri, aska tana shiga kamar sabulu. Na sassaƙa jinjirin wata, da giginya, da wani kifi wanda har ɓawonsa ya fito. Jar tawadar karan dafi ta kama, amma shuɗin baba ya ƙi ni, sai ya riƙa malala. Na san za ki ce ƙaro na rage a cikin tawadar. To, na ji.

Wannan kifi saboda Lukuman na yi shi, ɗan Bawa babban masunta, wanda ya yi aure kafin azumi. Ya zo yana son takardar da zai kai wa surukansa. Ya zauna mani rabin yini, wai kifi ɗaya rowa ce, in buga biyu suna kallon juna. Na buga. Ya yi ta juya takardar yana washe baki, washegari ya aiko mani da kifi ragon ruwa mai tsawon hannuna.

Ga kuma labari mai daɗi. Kin san rigimar Bawa da Tambari, tun da Tambari ya datse bakin tafki ya ja ruwa zuwa gonar albasarsa, masunta suka fasa madatsar, aka fasa wa mutum biyu kai. To, dattawa sun zaunar da su saboda darajar azumi. An shirya Tambari zai aika wa Bawa kyautar sallah, Bawa ya karɓa gaban jama'arsa, magana ta mutu. Ni zan buga takardar, da hatimin Tambari mai giginya. Ki ga mijinki, har sulhu ake yi da hannunsa.

Abin da nake kewa shi ne zarenki. Da kina nan, kowane ƙunshi ya shigo sai kin ɗaura masa zare mai launi dabam kafin mai shi ya juya baya. Ni ban da wannan haƙuri. Kaina ya ishe ni, ban taɓa manta kayan kowa ba.

Ki gaishe da Baba da Inna. Allah ya sauke ki lafiya.

Mijinki,
Ɗahiru

Kalgo, 2 ga watan ƙaramar sallah

Zuwa ga Huseina.

Bayan gaisuwa, ina fata kun yi sallah lafiya, ke da dukan mutanen gida. Yaya nauyin jiki? Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki ba Baba ya duba.

Na yi ɓarna, Huseina. Ban san ta inda zan fara ba, bari in bi ta yadda ta faru.

Ranar jajibere da la'asar, Lawal baran Tambari ya kawo ƙunshi biyu, duka an ɗinke su cikin tabarmar kaba, girmansu ɗaya. Ya ce na dama na Bawa ne, riga ce da goro. Na hagu na Gwaggo Larai ne, yayar uban Tambari da ke Wurogauri. Tsohuwar ta daɗe tana matsa masa ya saya mata likkafaninta ta ajiye ƙarƙashin gado, kamar yadda tsofaffi ke yi, shi ne ya cika mata alkawari. Na buga takardu biyu, na shanya su. Sai hadarin farko ya taso da iska. Na yi ta kwasar takardun mutane, na jawo ƙunsan ciki da ƙafa. Da iska ta lafa na ɗaura wa na dama sunan Bawa, na hagu sunan Larai. Ko a raina ban kawo cewa sun juya ba.

Jiya bayan an sauko idi na bi Lawal zuwa unguwar masunta. Ba wanda ya gayyace ni, so nake in ji ana yabon aikina. Bawa yana zaune ƙofar gidansa, mutanensa sun fi sittin. Ya ɗaga takardar sama kowa ya ga giginya, limaminsu ya karanta sunansa da gaisuwar. Sannan ya farke ɗinkin da wuƙa. Farin ƙyalle ya warware a kan cinyarsa, ƙullin garin magarya da turare suka faɗo ƙasa.

Ni a wannan lokacin na sani. Ba daga baya ba, ba da na koma gida ba. Tun ƙyallen bai gama warwarewa ba na ga ƙafata tana jan ƙunsan nan.

Bawa ya ce, “Ashe Tambari ya auna ni.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Lawal ya buɗe baki zai yi magana, wani ya buga masa filafilin tuƙa jirgi a muƙamuƙi, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Ya faɗi, suka rufe shi da duka. Na ga haƙoransa a cikin yashi. Suka ja shi da ƙafa har bakin hanya, kansa yana bugun tushen kara, suka yar. Kafin idonsa ya kumbure ya rufe, ni yake kallo. Ni kuwa hannuwana suna cikin riga, na tsaya kamar an dasa ni. Har Lukuman ya dafa kafaɗata ya ce in tafi gida, wannan ba ruwana, ni abin da aka ba ni na ɗaura wa.

Da azahar Tambari ya sa aka kira ni zaurensa. Ya san abin da ya faru sarai, ai shi ya sayi ƙyallen. Na durƙusa na ce ya bar ni in je in faɗi gaskiya. Ya yi dariya. Ya ce an karya masa bara gaban duniya, yanzu kuma ya aika a ce kuskure ne, don a ce Tambari ya ji tsoron masunci? Ya ce dama dattawa suka tilasta masa sulhun nan. Ya nuna mani gatarin da ke jingine ya ce in na buɗe baki, da shi zai raba ni da yatsun da nake taƙama da su.

To ki gaya mani, ina zan sa kaina? In na yi magana, Tambari. In masunta suka ji ni ne, kin dai ji abin da suka yi wa wanda ya ɗauko kawai. Lawal ba ya iya magana, an ɗaure masa haɓa. Ina ganin in na yi shiru kwana biyu zuciya za ta sauka, dattawa su sake shiga. Ai an riga an rama a kan Lawal.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maki ba. Ki yi mani addu'a, ki gaida su Inna, ki ce masu lafiya lau.

Naki,
Ɗahiru

Kalgo, 7 ga wata

Huseina,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Inna. Allah ya sa jikinki da sauƙi. Kada ki tambayi nawa.

Amsarki ta iso jiya da yamma. Layi uku kacal, babu ko gaisuwa: in tashi in je wurin Bawa kafin in sake cin abinci. Da na karanta sai da na yi jifa da ita. Na ce mai zaune Gwandu cikin ɗakin uwarta tana shan fura, ita ke da bakin koya wa mutum jarumta. Daga baya na ɗauko ta na karkaɗe. Kin yi gaskiya. Sai dai takardarki ta makara da kwana ɗaya, ni kuma na makara da huɗu.

Zuciya ba ta sauka ba. Ran Litinin masunta suka sa wa rumbunan albasar Tambari wuta da rana tsaka, garin nan duka ya yi warin ƙonanniyar albasa. Ran Talata mutanen Tambari suka je bakin ruwa suka yayyanka taru da homa da ke shanye, suka fasa jirage huɗu da gatari. Kowace safiya sai in ce yau zan je. In sa riga, in kai bakin kasuwa, in ga wani da ɗaurarren kai, in dawo in zauna ina goge hatimai da ba su yi datti ba.

Ran Laraba da hantsi aka haɗu a tafki. Na je, ban san abin da ya kai ni ba. Na hau tudu ina kallo kamar sauran matsorata. Manoma da sungumi da gatari, masunta da zago, mashin nan mai ƙugiya da suke sukar manyan kifi da shi. Laka ta kai gwiwa, wanda ya faɗi ba ya tashi da wuri. Na ga an soki ƙanen Tambari a cinya, da aka fizge zagon ya fito da tsoka. Na ga an danna kan wani dattijo cikin laka ana taka wuyansa. Mata suna bakin gaɓa suna kururuwa suna miƙo duwatsu cikin ƙwarya.

Lukuman bai zo da makami ba. Shiga ya yi don ya jawo ubansa, saboda Bawa ya faɗi, mutum biyu suna kansa. Ya sunkuya ya kama ubansa ta hammata, sai wani ya sauke masa sungumi a ƙeya. Sau ɗaya. Ya kife a kan uban, ruwan wurin ya yi ja. Bawa ya yi ta girgiza shi yana kiran sunansa, har faɗan ya tsaya da kansa, manoma suka ja da baya suka watse.

An yi jana'iza da la'asar. Huseina, da wannan ƙyallen aka suturta shi. Limami ya ce a kawo wani, Bawa ya ƙi. Ya ce Tambari ya aiko, to ga shi an yi amfani da shi, saura a mayar da tukwici. Na bi sallar, ina sahun baya. Da aka ɗauko gawar, amaryarsa ta biyo har ƙofa, mata uku suna riƙe da ita. Surukinsa ya kama hannuna ya yi mani godiya da na zo, ya ce takardar nan mai kifi biyu tana nan maƙale a bangon ɗakinsa.

Dogarai sun zo sun tafi da mutum shida, uku nan uku can. Bai hana komai ba. 'Yan'uwan Tambari na Dangoma sun fara shigowa da baka da kwari. Masunta sun aika gangaren gulbi, an ce jirage suna tafe. Kowa ya san ranar da za a kara, Talata mai zuwa, har mata sun fara kai yara ƙauye.

Na yi ta lissafin yatsuna kamar wani abin kirki. Yaron nan ya ce mani ba ruwana, ya tura ni gida don kada a taɓa ni.

Zan je. Amma in na je da baki kawai, za su ce Tambari ne ya turo ni saboda tsoron jiragen da ke tafe. Sai na biya Wurogauri na karɓo ɗaya ƙunshin da takardarsa. In wata takarda ba ta biyo wannan ba, hatiman suna cikin tukunyar da ke bayan ƙofa. Ki yafe mani maganar fura.

Mijinki,
Ɗahiru

Kalgo, 16 ga wata

Zuwa ga 'yar malam, uwar ɗiyata.

Gaisuwa da barka. Mamman ya kawo mani albishir tun daga bakin ƙofa yana ɗaga murya. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya ta, ya sa ta ɗauko hankalinki. Yaya jiki, yaya ruwan zafi? Ki yi wa Inna sannu da ɗawainiya. Kada ki yi dariyar rubutun nan da ya yi kama da sawun kaji. Da hagu nake yi, yau kwana uku ina kansa. Allah ya yafe mani rubuta sunansa da wannan hannu.

Ran Lahadi na isa Wurogauri. Na tarar da Gwaggo Larai tana fushi tun ranar sallah. Ta ce ta roƙi tufar kabari an aiko mata rigar namiji, ko Tambari so yake ta je lahira da ɗinkin aska takwas a ƙirji? Goron kam ta cinye rabi. Da na gaya mata inda ƙyallenta ya tafi da abin da ya haifar, ta daina faɗa. Ta kira ni sakarai sau uku. Na roƙi ƙunshin, ta ce ba ta ba ni, wanda ya kasa riƙe biyu ba za ta damƙa masa ɗaya ba. Ta sa aka ɗora ta a jaki. Tsohuwar da ba ta gani sosai, ni ke jan akala tana zagina har Kalgo.

Ran Litinin da hantsi muka shiga unguwar masunta. Jirage sun iso, baƙin fuskoki ko'ina, ana wasa zago a kan duwatsu. Da suka gane gwaggon Tambari ce sai suka kewaye mu, wani ya kama kunnen jakin. Ita ko a jikinta. Ta sa aka sauke ta gaban Bawa, ta jefa masa rigar da 'yar takardar da ke ɗauke da sunanta, ta ce, “Ga taka. Ba ni abina, ni nac ce a saya man shi.”

Bawa ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce, “Shina ƙasa, Inna. Ɗana na ciki.”

Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Ni kuma na faɗi nawa. Na faɗi iska, na faɗi ƙafata, na faɗi abin da Tambari ya ce a zaure, ban dai ambaci ranar ba. Limami ya karanta takardar Larai, aka gwada ta da ta Bawa, giginya ɗaya, tawada ɗaya. Aka ɗauko Lawal a kan ƙyaure, aka tambaye shi, ya gyaɗa kai yana hawaye.

Samari suka taso mani. Na sha mari, wani ya fasa mani gira da gindin zago. Bawa ya daka tsawa suka tsaya. Ya ce iska ta Allah ce, hannu kuma yana kuskure, shi ma ya taɓa sakin igiya jirgi ya tafi da kayan mutane. Ya ce ba zai kashe mutum don iska ba. Limami ya fara addu'a. Huseina, na tsira.

Sai ya dube ni ya ce, “Yaushe kas sani?”

Ba wanda zai ƙaryata ni. In na ce jiya, maganar ta zauna. In na ce bayan jana'iza, ta zauna. Tambari ba zai zo ya ba da shaida ba, Lawal ba baki. Wallahi kalmar jiya ta zo har kan harshena. Ban san abin da ya hana ta fita ba, don kin san ni ba jarumi ba ne. Na ce ranar sallah, ina tsaye nan, kafin a taɓa Lawal.

Ya ƙirga da yatsunsa, Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. Bai kai Laraba ba ya tsaya.

Ya kama hannuna na dama, ba da ƙarfi ba, kamar zai kai ni wani wuri. Ya kai ni wurin wani jirgi da aka kife, ya shimfiɗa hannun a kan katako. Ban ja ba. Ya karɓi filafili. Sau huɗu ya sauke shi, ɗaya ɗaya, yana hutawa tsakani. Na farko na yi ihu har na ji muryata kamar ta wani. Na biyu na ga ƙashi ya huda fata. Sauran biyun a jiki kawai na ji su, idona ya riga ya rufe.

Talata ta zo ta wuce, ba a yi faɗa ba. Baƙin jirage sun koma. Mutanen Dangoma da suka ji Tambari ya sani ya yi shiru, suka tattara kwarinsu, gwaggonsa kuma ta zauna ƙofar gidansa yini guda tana faɗa wa duk mai wucewa. Maganar tana gaban alƙali yanzu. Gatarin Tambari bai same ni ba, ai ba abin da ya rage masa.

Mai ɗori ya ce babban yatsa da manuni ba za su sake lanƙwasa ba, na tsakiya kuwa ya cire shi shekaranjiya don ya fara wari. Ba zan ƙara riƙe aska ba. Ina kuka a kan wannan, ba zan yi maki ƙarya ba, har kunya nake ji in na tuna wanda ke kwance a maƙabarta.

Abu ɗaya ban gaya maki ba. Da na farfaɗo a bakin jirgin, Bawa ne durƙushe kusa da ni. Ya kware rawaninsa yana naɗe mani hannun da kansa, a hankali, yana gyara yatsun. Bai dube ni ba. Ya ce shi ya gama da ni. Amma in bar Kalgo kafin matarsa, uwar Lukuman, ta fito daga zaman makoki, don har yanzu ba a gaya mata maganar kwana huɗun ba, kuma ita ba za ta tsaya a hannu ba.

Saboda haka jibi zan biyo Mamman. Ki gaya wa Baba komai kafin in iso, kada ki rage, ya san wanda zai buɗe wa ƙofa. Ba zan kai ranar suna ba, na sani. Ki ce wa Inna in an miƙo mani jaririyar a sa mani ita ta hagu.

Ina gaida kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Ɗahiru